Makonnin da Adda Ta Yi Shiru

Talata, bayan la'asar

Na ɗauke kwalbar. Na kai ta gidan maƙwabta na ce su ajiye mini, wai ɗana Musaddiƙ ya cika taɓe-taɓe. Sharri na yi wa yaron, ko inda take bai sani ba. Maganin feshin wake ne, Babansu ya sayo shi a kasuwar Gwiwa, wurin ajiyarsa can saman katanga a ɗakin hatsi. Yau a jakar makarantar Adda na gan shi, an naɗe shi da tsohon hijabinta.

Ba a buɗe ba. Na duba murfin, na sake dubawa a rana, ba a buɗe ba.

Ban tambaye ta ba. Tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, kanta a sunkuye.

Laraba, da safe

Ban runtsa ba. Na mayar da shimfiɗata ɗakin yara, na ce zafi ya yi yawa a nawa.

Bari in rubuta yadda abin ya fara, ko kaina ya daina juyawa. Adda 'yata ce ta fari, sunanta Mu'minat, amma ba na kiran sunan, Adda nake ce mata kamar yadda ƙaninta yake faɗa. Shekararta goma sha uku, tana maimaita aji shida a makarantar da nake koyarwa a nan Roni. Ni Ikilima nake koya wa 'yan aji biyu karatu, 'ya'yan mutane suna fita daga hannuna suna karanta allon shago, tawa kuwa layi ɗaya sai ta yi gumi a kansa. Musaddiƙ da yake aji biyu ya wuce ta.

Ranar Litinin sabon malaminsu, Malam Zaharadeen, ya tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji. Bai san matsalarta ba. Ta tsaya, ta kama kalmar farko, ta sake ta, ta kuma kamawa. Yara suka fashe da dariya. Wai ya ce, "'Yar malama guda?" Daga ajina na jiyo dariyar, ban san da 'yata ake ba.

Tun ranar, "to" da "a'a" kawai nake ji daga bakinta.

Laraba, bayan azahar

Ba ta je makaranta ba. Ni ma na ce ba ni da lafiya.

Alhamis, da hantsi

Na leƙa makaranta don hedimasta ya aiko kirana. Na bar Adda da matar maƙwabcinmu, na ce ta taya ta tsinkar zogale. 

Hedimastan, Malam Muhammadu Lawal, dattijo ne, ba ya kewaye-kewaye. Ya ce, "Malama Ikilima, na ji abin da ya faru, na kuma yi wa malamin magana. Amma yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. In aka ba da labari a aji ita ke fara kawo amsa. Haddarta a Islamiyya kowa ya sani. Lissafin ka kuwa ta fi wasu malaman. Takarda kawai ke gagarar ta. Ba ki taɓa tambayar kanki dalili ba?"

Na ce na tambaya, ranka ya daɗe, har na gaji.

Ya ce akwai wata Malama Tasalla a Kazaure, ta karanci koyar da yara masu buƙata ta musamman, tana duba irin waɗannan yaran ranar Asabar. Za ta gwada ta, ta gano inda matsalar take. Amma sai an fara duba ido da kunne a asibiti.

Gwaji.  A garin nan in suna ya hau yaro ba ya sauka. Yau a ce an kai ta gwajin ƙwaƙwalwa, gobe a ce 'yar Malama Ikilima mai taɓin nan, har ta tsufa. In kuma aka gwada aka ce haka ne fa?

Ban gaya masa ɗaya zancen ba.

Juma'a, bayan magariba

Babansu ya dawo daga Babura, ya yi kwanaki can wajen sayen gyaɗa. Bai gama cin tuwo ba ya ce, "Ina maganin feshin nan? Gobe zan shiga gonar wake." Na ce na ba da aro. Ya dube ni. Adda na bakin murhu, bayanta kawai nake gani, ba ta motsa ba.

Da yara suka shiga ɗaki na kawo maganar Kazaure. Ransa ya ɓaci nan take.

"Wa ya ce 'yata ba ta da hankali?"

"Ba wanda ya ce, Malam. Dubawa za a yi."

"Boko ne bai karɓe ta ba, shi ke nan. Ba kowa aka yi wa shi ba. A cire ta, ta tafi Gwiwa wajen Hajja ta huta da dariyar yara. Ga Islamiyya a can, ga aikin gida."

Tausayinta ne ya sa ya faɗa, na sani. Mijina Sama'ilu bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma Gwiwa gidan manoma ne. Na san rumfar da suke jera kayan feshi, a ƙasa suke, ko ƙofa babu. Hajja Kaka, mahaifiyarsa, kuma ido ya yi rauni, da azahar barci take.

Na buɗe baki in faɗa masa. Sai na hango shi ya miƙe yana salati da ƙarfi, ya kira ta yana tambayar ta, ya buga wa Hajja waya, kafin gari ya waye dangi duka sun ji. Na rufe bakina.

Asabar, da rana

Na kwashe wuƙaƙe da igiyar guga na saka a akwatina. Da dutsen niƙa na fasa albasa.

Lahadi, bayan la'asar

Hajja Kaka ta zo a bayan mashin, da ƙullin turare da gorar rubutu. Babansu ya riga ya gaya mata yarinya ta daina magana. Ta zaunar da Adda a gabanta, ta shafa kanta, ta ce, "Kishiyata, wa ya taɓa mini ke?" Adda ba ta ɗago ba. Da can da ta rama tsokanar.

Hajja ta ce iska ce, yarinya mai wucewa ta gindin tsamiya da rana tsaka dole a yi hattara. Ta tsiyaya rubutu a kofi ta miƙa mata. Adda ta karɓa ta kafa kai ta shanye ba ta ko tsaya ba. Rubutu ne, ayar Allah ce, na sani. Amma ganin yadda maƙogwaronta ke motsi, sai da na dafa bango.

Hajja ta ce, "Ikilima, ku ba ni ita mu tafi yau."

Na durƙusa na ce, "Hajja, ki yi mini alfarma. A bari mu je Kazaure tukuna. Addu'a muna yi, rubutu za ta sha kullum. A haɗa da wannan ɗin."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ke ma kin rame." Ta juya ga ɗanta ta ce ya bar mu mu je. Ya ce to, amma in ba a ga komai ba, Gwiwa za ta.

Talata, da yamma

Mun je asibiti a Kazaure. Ido lafiya. Kunne lafiya.

A hanya ina ta roƙon Allah ya sa ido ne. Har na gama hango ta da tabarau, na gama shirya abin da zan gaya wa malamai, ashe duk shekarun nan ba ta gani ne. Wace irin uwa ce ke roƙon a ce idon 'yarta ya lalace? Da ma'aikacin ya ce tana gani tar, sai na ji kamar an rufe mini ƙofa.

Saura kai ke nan.

Alhamis, da asuba

Tana numfashi. Nakan sa hannu kusa da hancinta. Tana numfashi.

Asabar, bayan la'asar

Mun ga Malama Tasalla. Na zaci ofis zan tarar da injuna. Wani aji ne aka ba ta aro, da tabarma, da tire cike da yashi, da 'yan katuna. Mace ce gajera mai yawan murmushi, ta girme ni. Ta ce wa Adda, "Mu'minat, a nan ba a cin jarrabawa, ba a faɗuwa. So nake in ga yadda kanki ke aiki, kowa da irin nasa."

Ni ta fara yi wa tambayoyi. Yaya cikinta ya kasance, yaushe ta yi tafiya, yaushe ta fara magana, ta taɓa zazzaɓi mai shiɗewa, akwai wani a dangi da karatu ya wahalar. Na amsa abin da na tuna. Ta yi jinkirin magana, wannan na tuna, Hajja har tana ce mata kurma.

Daga nan ta karanta mata labarin wata mata da akuyarta, ta ce ta maimaita. Na ce a raina ba za ta buɗe baki ba. Sai ga muryarta can ƙasa. Ta kawo labarin kaf, har abin da matar ta ce wa mahauci. Rabona da jin jimla daga bakinta tun waccan Litinin.

Sai aka zo kan katuna. An rubuta dawa, ta ce bawa, ta ce wada. Aka jera mata b da d da ɓ da ɗ, ta kalle su kamar za su cije ta. Malama ta ajiye katunan ta ce, "Ce tabarma." Ta ce. "To cire ta ɗin farko, me ya rage?" Adda ta motsa leɓe, ta motsa, hawaye ya zubo. Ni da na koyar da ɗaruruwan yara ban taɓa yi mata wannan tambayar ba, ban ma san ana yin ta ba.

Malama ta ce in ɗan jira a waje. Na zauna gindin darbejiya ina kallon ƙofar.

Da suka fito ta ce zama ɗaya ba ya isa a yanke magana a kan yaro. Mu dawo Asabar mai zuwa da littattafanta na aji, za ta kuma yi waya da hedimasta. Na ce, "Malama, don Allah, kan ne?" Ta ce, "Ba zan faɗi abin da ban gama dubawa ba." Ta riƙe hannuna ta rage murya. "Akwai abin da ya kamata in sani wanda ba ki faɗa ba?"

Na ce babu.

Litinin, da safe

Na ce babu. Har yanzu ina jin yadda na faɗe shi.

Laraba, bayan azahar



Na shiga wanka da hantsi. Na fito ba ta tsakar gida. Ba ta ɗaki, ba ta banɗaki, ba ta ɗakin hatsi. Na fita ba takalmi. Gidan maƙwabta na fara faɗawa, ko sallama ban yi ba, na ce ina ajiyata? Matar ta ɗauko mini daga saman sif tana kallona. Tana nan. Ba a buɗe ba. Na leƙa rijiyar unguwa. Allah ka yafe mini, na leƙa.

Wata mai tallan awara ta ce ta ga ta yi bayan gari. Na same ta a gindin dutse, inda Fulani ke bi da shanu, tana zaune ta haɗa kai da gwiwa. Na yi niyyar yin faɗa, sai kawai na zauna kusa da ita.

 Sai ta ce, "Umma."

"Na'am."

"In Malama ta gama ta ce ba ni da ƙwaƙwalwa, za ku kai ni Gwiwa?"

Na ce ba inda za ta. Na ce ko me aka ce, tana nan wajena. Ban san da wane ƙarfi zan cika wannan ba.

Ta ce, "Ina ƙoƙari fa, Umma. Wallahi ina ƙoƙari. Haruffan ne ba sa tsayawa wuri ɗaya."

A gidanmu ba a rungumar ɗan fari a gaban mutane. Babu kowa sai shanu. Na jawo ta.

Juma'a, bayan la'asar

Gobe. Na haɗa littattafan a leda. Jan biro ya fi baƙi yawa a ciki.

Asabar, bayan magariba

Malama Tasalla ta daɗe da ita a ciki fiye da wancan karon. Da ta kira ni, sai ta ce Adda ta je ta sha iska a baranda, inda muke hango ta ta taga.

Ta ce, "Hankalin 'yarki ƙalau yake. A fahimta da riƙe magana ta wuce sa'o'inta da yawa. Abin da ke ba ta wuya shi ne rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa su da haruffa. Haka aka halicce ta, ba lalaci ba ne, ba iska ba, ba kuma laifin kowa ba. Masana suna ce masa disleksiya, yara da yawa suna da shi ba a sani ba. Ba ya tafiya gaba ɗaya. Amma za ta yi karatu, a hankali, ta wata hanyar."

Ta nuna mini hanyar. Sauti ɗaya a rana, a faɗe shi, a zana shi a yashi da yatsa, a nemo shi a kalmomi. Kada a sake tsayar da ita karatu a gaban aji. A jarrabawa a karanta mata tambaya, a ƙara mata lokaci. Ta ce za ta gaya wa hedimasta da kanta.

Ina ta hamdala, har na fara tattara leda. Ta ce, "Zauna, Malama Ikilima. Mu'minat ta gaya mini zancen kwalbar."

Ban san lokacin da na koma kan kujera ba.

"Na tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa jin gara ba ta duniya, ta ce e. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi take ba shi. Ta ce ta san ke kika ɗauke. Ta jira ki yi mata magana, ba ki yi ba, sai ta ɗauka abin ya yi muni har ba kya iya kallon ta."

Na yi kuka a gaban matar da sau biyu kawai na taɓa gani. Ta bar ni na yi. Sannan ta ce wannan ɓangaren ya fi ƙarfin aikinta, akwai likitan da ke ganin yara masu irin wannan damuwar, za ta haɗa mu. Ta ce kuma dole mahaifinta ya sani, ido biyu ba sa isa tsaron yaro.

A mota na ce, "Adda, na ga abin da ke jakarki. Ban yi fushi ba. Tsoro ne ya hana ni magana." Ta ce, "Ni ma." 

Lahadi, da hantsi

Na gaya masa, bayan ya karya, yara suna Islamiyya. Na fara da sakamakon, ya yi murmushi yana cewa ai ya faɗa 'yarsa lafiyarta lau. Sai na gaya masa inda maganin feshinsa ya je, da inda na same shi.

Bai yi salati da ƙarfi ba.  Kofin da ke hannunsa ya ajiye a hankali kamar zai fashe. Can ya ce, "Ni na sayo shi. Ni na kawo shi gidan nan." Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "Kuma da na kai ta Gwiwa." Bai ƙarasa ba.

Ya ce, "Duk kwanakin nan ke kaɗai, Ikilima?" Rabon da ya kira sunana na manta.

Da ta dawo ya kira ta rumfa. Na tsaya bakin ƙofa. Ya ce, "Mamana, zo ki taya ni tsince gyaɗar nan." Suka zauna suna tsinta. Bai tambaye ta komai ba. Da suka kusa gamawa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In duk makarantun duniya suka taru a gefe ɗaya, ke kika tsaya a gefe ɗaya, wajenki zan zo. Kin ji?" Ta ce ta ji.

Ya buga wa Hajja waya ya ce an gano abin, magani a nan yake, ta ci gaba da addu'a. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Laraba, da yamma

Shi ya kai mu wajen likitan. Ya fasa Babura. An ce mu riƙa zuwa, an ce a sa ido ba tare da an takura mata ba. Ban san yadda ake yin wannan ba.

Yau sautin m muka yi a yashi. Ta gaji, ta share da ƙafa, ta ce ba ta so. Na bar ta. Bayan la'asar na tarar ta zana shi a bayan murhu, a juye, ta kuma gyara.

Tsoron bai tafi ba. Wuri kawai ya sauya, yanzu mu biyu muke ɗauke da shi.

Litinin, da hantsi, a aji

Adda da kanta ta ce za ta koma makaranta. Mun taho tare, Musaddiƙ na gaba yana tsalle. Malam Zaharadeen ya tare mu a bakin ƙofa, ya gaishe ni, ya dube ta ya ce, "Mu'minat, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai.

Na raka ta har ƙofar aji shida, na tsaya. Yara sun juyo suna kallo. Ta waiwayo ta ce a hankali, "Umma, ki tafi ajinki. In kina tsaye a nan sai na fi jin tsoro."

Na tafi. Daga tagar ajina ana hango tasu. Na ba 'yan aji biyu aikin kwafa, na juya kujerata ta fuskanci allo, ina wannan rubutun don kada in tashi. Duk dariyar da na jiyo daga can sai numfashina ya tsaya.

Litinin, bayan azahar

Ta dawo. Ta ci abinci. Ta ce in tashe ta da wuri gobe.